Kare Kai da Ajiye Bindiga: Daga Ina Haƙƙin Ya Fito?

A watan Yuni na shekarar 2022 Gwamnatin Jihar Zamfara, a zamanin Gwamna Bello Matawalle, ta ba da sanarwa cewa duk mutumin kirki da ke son mallakar bindiga don ya kare kansa daga ɓarayin daji ya zo ya cika takarda a nema masa lasisi. Kafin wannan, a ƙarshen 2021, Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya faɗa wa jama'arsa magana mai kama da ita, kuma tun a watan Maris na 2018 Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce mutane su tashi su kare kansu. Ba a daɗe da yin sanarwar Zamfara ba sai hukumar 'yan sanda ta ce ita fa ba ta ba da irin wannan lasisi. Sai talaka ya shiga tsaka mai wuya: gwamna ya ce nemi, ɗan sanda ya ce ba na bayarwa, ɓarawo kuwa da ma bai shawarci kowa ba kafin ya saɓo tasa.

Tun daga wannan lokaci gardamar ba ta mutu ba, ko a teburin mai shayi ko a ɗakunan kwananmu na ɗalibai. Abin da na lura da shi kuwa shi ne masu gardamar sukan cakuɗa tambayoyi biyu su mai da su ɗaya. Ta farko, shin mutum yana da haƙƙin kare ransa ko da hukuma ba ta ce masa ya yi ba? Ta biyu, in har yana da shi, shin wannan haƙƙi ya haɗa da ajiye bindiga a ƙarƙashin gado? A ganina amsar ta farko i ce, babu wata-wata. Amma ta biyu ba ta bin ta farko kamar yadda raƙumi ke bin akala, kuma ba za a iya raba su ba sai an tono inda haƙƙin ya samo tushe.

Da yake Hausa nake karantawa, mai karatu zai yi mini uzuri in na fara da kalmomi, don su ne ɗan jarina. Muna da kalmomi biyu da muke amfani da su a wannan fage, watau 'yanci da haƙƙi. 'Yanci tamu ce ta gado, daga ɗa da 'ya'ya ta fito, ɗa kuwa a tsohuwar ma'anarsa kishiyar bawa ne. Ashe ke nan 'yanci asalinsa matsayi ne, na mutumin da ba a saye shi ba, ba a kuma kamo shi a yaƙi ba. Haƙƙi kuwa daga Larabci muka aro ta, kuma abin sha'awa shi ne sau biyu Bahaushe ya ari wannan kalma. Ya are ta tsurarta ya ce haƙƙi, sa'an nan ya sake arar ta da harafin da Larabawa ke sa wa suna a gaba ya ce alhaki. Haƙƙi shi ne abin da kake bin mutane, alhaki shi ne abin da ka ɗaukar wa kanka in ka danne na wani, shi ya sa aka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Harshen da kansa ya ƙi yarda a ambaci ɗaya ba tare da inuwar ɗayan ba, kuma zan so mai karatu ya riƙe wannan a ransa.

To, daga ina haƙƙin kare kai ya fito?

Akwai masu cewa daga hukuma. Wani masanin shari'a na Ingila, Jeremy Bentham, a ƙarshen ƙarni na 18 ya yi wa masu cewa an haifi mutum da haƙƙoƙi ba'a ƙwarai, don a wurinsa doka ce ke haifar da haƙƙi, inda babu doka kuwa sai dai fata da buri. Wannan ra'ayi yana da daɗin riƙewa ga ma'aikacin ofis, amma ba ya jure gwaji. In da haka ne, to bawan da aka kai kasuwa aka sayar a zamanin da doka ta yarda da haka ba a zalunce shi ba ke nan, tun da babu dokar da aka karya. Ba na jin akwai mai hankalin da zai amince da wannan. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce kowa yana da haƙƙin rayuwa, ya kuma ce ba a ɗaukar mutuwar da ta auku wajen kare wani daga farmakin da ya saɓa wa doka, ko wajen kare dukiya, a matsayin tauye wannan haƙƙi, muddin ƙarfin da aka yi amfani da shi bai wuce na bukata ba. Sai dai aikin wannan sashe kamar na alƙali ne sa'ad da ya rubuta cewa wane ɗan wane ne don a raba gado. Alƙalin ya tabbatar da dangantaka, amma ba alƙalaminsa ya haifi yaron ba.

Akwai kuma masu cewa daga halitta ya fito, watau daga tsoron mutuwa da aka dasa wa kowane mai rai. Jagoransu shi ne Thomas Hobbes, wanda ya rayu a zamanin yaƙin basasar Ingila, ya kuma fitar da littafinsa Leviathan a 1651. Abin da ya koyar shi ne mutane sun gaji da zaman kowa-tasa-ta-fisshe-shi, sai suka yarda su miƙa ƙarfinsu ga sarki guda don ya tsare su. Amma ya ce akwai abu ɗaya da ba ya miƙuwa, watau mutum ya tsaya a yanka shi bai motsa ba, ya kuma ƙara da cewa biyayyar talaka ga sarki tana nan ne muddin sarkin yana da ikon kare shi. Wanda ya karanta wannan yana tunanin Dansadau ko Batsari zai ce ai da mu yake. Lalle akwai gaskiya a ciki. Amma in aka ce tsoro kaɗai ne tushen haƙƙi, to kaza ma tana da shi sa'ad da take kare 'ya'yanta daga shirwa, ɓarawo ma yana da shi sa'ad da aka rutsa da shi a cikin garke. Hobbes kansa ya yarda cewa har wanda aka yanke wa hukuncin kisa bisa gaskiya yana iya yin turjiya. Wannan ra'ayi ya bayyana mana dalilin da ya sa mutane ke faɗa, amma bai iya gaya mana wanda ke da gaskiya a cikin masu faɗan ba, alhali kuwa ita ce tambayar da ta dame mu.

Amsa ta uku ita ce wadda na gamsu da ita, kuma ba baƙuwa ba ce a wurin wanda ya yi zaman makarantar zaure. Malaman usulu, irin su Imam Gazali wanda ya rasu a 1111 da Shaɗibi wanda ya rasu a 1388, sun nuna cewa shari'a duka tana kewaya ne a kan tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Rai a wannan fahimta amana ce aka ba mutum, shi ya sa ba shi da ikon kashe kansa ko da ya gaji da duniya. John Locke na Ingila ma, a littafinsa na mulki da ya fito a 1689, a nan ya kafa tasa hujjar, cewa mutane duka aikin Mahalicci ɗaya ne, saboda haka babu mai ikon halaka kansa ko waninsa. In aka karɓi wannan, abu biyu sun biyo baya. Hukuma ba ta iya ƙwace haƙƙin kare rai, domin ba ita ta ba da amanar ba. Har wa yau kuma, ran maƙwabcina amana ne kamar nawa, haka na baƙon da ya kwana a garinmu, haka ma, ko da yake da nauyin faɗa, na mutumin da ya hauro mini katanga. Abin da ya ba ni izinin ɗaga hannu shi ne dai ya auna mini inda hannun zai tsaya.

Malaman fiƙihu sun yi wa wannan babi suna, suna ce masa daf'us sa'ili, watau tunkuɗe mai kawo farmaki. Sun kafa hujja da hadisin da ke cikin Buhari da Muslim wanda ya ba da matsayin shahidi ga wanda aka kashe yana kare dukiyarsa, saboda haka ba su ɗauki mai kare kansa a kan mai laifi ba ko kaɗan. Amma sun jera masa matakai kamar na tsani. In tsawa ta isa ta kori mutum, ba a dukansa. In sanda ta isa, ba a zare takobi. In ya juya ya sheƙa da gudu, ba a bin sa a kashe, don daga nan an bar kare kai an shiga ramuwa, ramuwa kuwa ta alƙali ce. Kundin dokokin laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, da aka fara aiki da shi a 1960, daga sashe na 59 ya bi kusan wannan hanya. Ya ce abin da aka yi cikin halattaccen kare kai ba laifi ba ne, amma kada cutarwar ta wuce abin da ake bukata, kuma babu wannan haƙƙi inda akwai sararin neman taimakon hukuma.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan maganar duka. Dokar ta ɗauka cewa akwai hukumar da za a kira ta amsa. To, yaya mutumin ƙauyen da sai ya yi tafiyar rabin yini kafin ya ga ofishin 'yan sanda? Yaya mutanen Zamfara a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka datse layukan waya a jihar duka don a toshe wa ɓarayi hanyar sadarwa, aka kuma toshe ta talaka tare da tasu? A irin wannan wuri sararin neman hukuma babu shi, kuma dokar da kanta ta mayar wa mutum da amanarsa a hannunsa.

Auna tsanin nan kuwa ba abu ne mai sauƙi ba, kuma wata shari'a daga Jihar Adamawa ta nuna haka. A 2015 wani manomi a yankin Numan ya yi faɗa da wani makiyayi a gonarsa. Bisa ga bayaninsa, makiyayin ne ya far masa da wuƙa ya ji masa rauni, suka kama kokawa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya, mutumin ya mutu. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, ko da yake ɗaya daga cikin alƙalan ta ƙi yarda da sauran. Hujjar masu rinjaye ita ce tun da ya riga ya ƙwace wuƙar, haɗarin ya kau, kamata ya yi ya gudu. A ƙarshen 2025 gwamnan jihar ya yi masa afuwa. Mutane da yawa sun ɗauki ɓangare a wannan shari'a tun kafin su ji yadda abin ya faru, da zarar sun ji ƙabila da addinin kowanne, wannan kuwa wata cuta ce tamu ta dabam. Ni dai ina ganin ƙa'idar da kotu ta riƙe daidai ce, domin in aka sake ta, kowane mai kisa zai ce kare kansa ya yi, mamaci kuwa ba ya tashi ya ba da shaida. Amma ɗora ta a kan wannan mutum ya yi tsanani. Abin da alƙalai suka shekara goma suna aunawa a cikin inuwa, shi ya auna shi ne cikin ƙiftawar ido, jini na zuba a jikinsa, abokin kokawarsa kuma yana numfashi a kansa.

Wannan fa da wuƙa aka yi. Yanzu sai mai karatu ya sa bindiga a wurin. Abin da bindiga ke yi shi ne ta karya matakan tsanin nan, ta bar na ƙasa da na can sama kawai. Tsakanin tsawa da kisa babu sauran tazara sai motsin ɗan yatsa a kan kunama. Sanda tana ba mai fushi damar ya huce bayan bugu na farko, bindiga ba ta ba shi. Takobi sai an matso kusa an ga fuska, harsashi kuwa yana tafiya cikin duhu ya sami wanda ya fito kama ruwa. Daɗin daɗawa, ɓarawo dare ɗaya yake zuwa, amma bindiga tana nan a ɗaka sauran kwanakin shekara, ran da aka yi faɗan iyakar gona, da ran da kishi ya tashi, da ran da yaro ya shiga ɗaki babu kowa. Kare kaina abu ne tsakanina da wanda ya far mini. Ajiye bindiga kuwa abu ne tsakanina da duk wanda ke kwana inda harsashina zai iya kaiwa, saboda haka suna da ta cewa a ciki.

Masu son a saki bindiga sukan kawo misalin Amurka, to bari mu duba ta. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya tsare wa jama'a ikon ajiye makamai da ɗaukarsu. An daɗe ana jayayya ko ana nufin kowane mutum ne ko kuwa rundunar sa-kai ta jiha, sai a 2008 Kotun Ƙolinsu, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce haƙƙin kowane mutum ne, a 2022 kuma ta ce ya haɗa da fita da ita waje. An ƙiyasta a 2017 cewa akwai bindigogi wajen miliyan 393 a hannun farar hula a ƙasar, sun fi mutanenta yawa. A 2021 mutum fiye da 48,000 suka mutu ta bakin bindiga, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Wannan adadi na ƙarshe ya isa a tsaya a kansa, domin makamin da aka saya don tsare amana shi ya fi cin masu amanar. Kuma in aka bi tarihi za a ga cewa bindiga a can alamar 'yanci ce a tsohuwar ma'anarmu ta ɗa da bawa. A 1857, sa'ad da Kotun Ƙolinsu ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, cikin dalilan da babban alƙalin ya kawo har da cewa in aka yarda shi ɗan ƙasa ne, zai sami ikon yawo da makami. Ingila kuwa, wadda Amurkawa suka gaji shari'arta, ta bi wata hanya. Bayan wani mutum ya harbe yara 16 da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane a 1996, sai aka hana farar hula ajiye ƙananan bindigogi a 1997, kuma babu wanda ya ce Bature ya rasa haƙƙin kare kansa saboda haka. Tsatso ɗaya, hukunci biyu. Wannan ya nuna mini cewa dokar bindiga 'yar tarihi ce da yanayin wuri.

Namu tarihin kuwa kusan kishiyar na Amurka ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Babba Zaki, a ƙarni na 18, da cewa shi ya fara ajiye masu tsaronsa na bindiga. A ƙarni na 19 sarakuna da yawa sun tara irin waɗannan dakaru, Sarkin Damagaram Tanimu ma har igwa aka ƙera masa. Amma su wa ke riƙe da bindigogin? Galibi bayin sarki ne. Ɗan sarauta doki da takobi da mashi ya sani, talaka kuwa kwari da baka, sai mafarauci da bindigarsa ta toka. Watau a nan bawa ne ke saɓa bindiga, ɗa yana kallo. Su ake kira 'yan bindiga a wancan zamani, kuma ya kamata mu masu nazarin harshe mu lura da irin tafiyar da wannan kalma ta yi, daga masu tsaron fada zuwa masu ƙone gari.

Da Turawa suka zo ba su sauya wannan ba, sai ma suka ƙara ɗaurewa. Tun a 1890, a taron da suka yi a babban birnin Beljiyam, suka amince a taƙaita sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani. Dokar bindigogi ta 1959, wadda Nijeriya ta gada, ta kasa su kashi uku: na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, na kai irin na harbin tsuntsu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, na ɗuri kuwa irin ta mafarauta a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dole in yarda da abokan gardamata a nan cewa ba don ƙaunar talaka aka raba shi da bindiga ba. Mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, da fartanya da gatari suka tayar wa Turawa a 1906, da bindiga mai ruwan harsashi aka share garin. Mai mulki kowane iri ne ya fi son ya zama shi kaɗai ke da wuta. Sai dai mugun nufin wanda ya kafa doka bai isa ya nuna cewa rushe ta alheri ne ba, sai an duba abin da ya faru inda ta rushe da kanta.

Ba sai mun je nesa ba. Wajen 2011, da satar shanu da fashi suka yi yawa a dazuzzukan Zamfara, hukuma kuwa ta yi nisa, mutanen garuruwa suka kafa 'yan sa-kai. Niyyar farko babu mai aibanta ta. Amma ba a jima ba aka fara kama wanda ake tuhuma a tsakiyar kasuwa a kashe shi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, kuma sau da yawa shaidar da ake da ita a kansa ita ce shi Bafillace ne. 'Yan'uwan waɗanda aka kashe suka sayar da shanu suka sayi bindigogin yaƙi, ɓarayi na ainihi suka sami rundunar da ba su yi wahalar tarawa ba. A watan Afrilu na 2014 aka far wa taron 'yan sa-kai da shugabannin jama'a a 'Yar Galadima, cikin Ƙaramar Hukumar Maru, aka kashe mutum fiye da 100. In ka tambayi kowane ɓangare a lokacin, kare kai zai ce maka yake yi, kuma a ma'aunin Hobbes duka biyun suna da gaskiya. A ma'aunin amana kuwa, wanda ya yanka mutum a kasuwa bisa zato da wanda ya ƙone gari don ramuwa duk sun sauka daga kan tsani tun da daɗewa.

Haka kuma abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta 'yan Arewa suna hanyar komawa gida, aka ga bindigoginsu na farauta, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Waɗanda suka tare su 'yan sintiri ne, masu cewa garinsu suke karewa. Bindigar da mai ita ke gani abin neman abinci, a idon wanda bai san shi ba shaida ce a kansa. A ɗaya gefen kuma akwai samarin Maiduguri da suka tashi a 2013, waɗanda aka yi wa laƙabi da 'yan kato da gora, suka taimaka aka fatattaki Boko Haram daga cikin birni. Sunansu ma ya faɗi makaminsu na farko. Ƙarfinsu shi ne sun san ɗan gidan wane ne wane, abin da soja baƙo bai sani ba.

To, ina wannan ya bar manomin da na fara da shi? Ba zan iya ce masa ya miƙa wuya ba. Sashe na 14 na Tsarin Mulki ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Wanda ya ɗaure wa mutum hannu ya ce kwanta ni zan yi maka gadi, sa'an nan ya tafi ya bar shi, in kura ta zo alhakin yana wuyansa. Gwamnati ba ta da bakin da za ta kasa tsare mutum kuma ta kama shi don ya tsare kansa. Saboda haka manomin da ya ajiye bindigar toka a garin da aka sha kai wa hari, ni ban ga laifinsa ba. Amma sunan abin da ya ba shi wannan dama larura, kuma malamai sun ce larura takan halatta abin da aka hana, sai dai gwargwadonta ake ɗiba, in ta kau kuma hukunci ya koma yadda yake. Kare rai haƙƙi ne da ba ya tsufa. Bindiga a ɗaka kuwa kamar cin mushe ne ga wanda yunwa za ta kashe a daji, ba a hana shi, ba a kuma buɗe masa rumfa a kasuwa.

Kakanninmu da suka zauna cikin zamanin hare-hare sun san wani abu game da wannan. Babbar kariyarsu ganuwa ce, wadda gari duka ke fita ya gina, kowace unguwa da rabonta, kowace ƙofa da sarkinta wanda aka sani da suna. Ganuwa tana tsare na ciki ba tare da ta tsorata na garin gaba ba, kuma in an bar ƙofa a buɗe an san wanda za a tambaya. Rundunonin tsaron al'umma da Katsina ta kafa a 2023, da Askarawan Zamfara na farkon 2024, ƙoƙari ne na komawa ga irin wannan tsari, inda makami ke hannun wanda aka rubuta sunansa, aka horar da shi, ake kuma biyansa. Abin da zan auna su da shi shi ne ko akwai ɗan ruga a cikinsu kamar yadda akwai ɗan gari, da kuma ko ran da ɗayansu ya harbi marar laifi za a gan shi a gaban alƙali.

Na san abin da za a ce mini: kafin a gama rubuta sunaye an kwashe garin, kuma me bindigar toka za ta yi da mai AK-47? Maganar tana da nauyi, ba na raina ta. Amma in tseren sayen makami za a yi, manomin da ke jiran damina ba zai taɓa cim ma wanda ke karɓar kuɗin fansa ba, kuma kowace babbar bindiga da ta shiga ƙauye ta zama abin da za a zo nema da dare. Akwai kuma ranar da ba a cika tunawa da ita ba, watau ranar da ƙura ta lafa. Yaƙin basasar Nijeriya ya ƙare a watan Janairu na 1970, amma bindigogin ba su koma ma'aji duka ba, fashi da makami ya yi yawa har gwamnatin soja ta kafa doka a wannan shekara ta yanke wa ɗan fashi hukuncin kisa, aka shiga ɗaure mutane a jikin ganga a bakin teku a Ikko ana harbewa a gaban jama'a. Saboda haka duk gwamnan da zai sake raba takardun neman lasisi, ina roƙon ya fara gaya mana a ofishin wa za a mayar da bindigar ran da manoma suka koma kwana a gida, da kuma wanda zai je karɓowa in mai ita ya ce shi bai gama jin tsoro ba tukuna.